Miyar Kwakwa Ba Gishiri

Shafi na 23

Masu damuna da saƙon "ina labari, ina labari", ga shi nan, ku sarara mini. Masu kuma cewa haƙurin Khairat ya yi yawa har ya koma sakarci, ku gyara zama.

*

Wayar Goggo Azumi ta shigo daidai lokacin da Khairat ta tattara bakin farin ƙyalle tana matse kwakwa. Ruwan zafi na ƙona mata yatsu, ga sanyin Alƙahira na watan Disamba yana kwararowa ta tagar kicin ɗin da ta ƙi rufuwa tun ranar da suka kama gidan nan na Hayyin Ashir. Mijinta Abdulbasit yana tsaye a bakin ƙofa, dawowarsa ke nan daga asibiti da mahaifinsa, ko takalmi bai cire ba. Ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Mi likitan ya ce?" in ji Goggo, ƙanwar mahaifinsa, tun daga Malumfashi.

"Ya sake ɗaga aikin, Goggo."

"Karo na nawa ke nan?"

"Na uku. Ya ce jinin bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi. Ranar Litinin za a sake aunawa. In bai sauka ba, shi ke nan, bizar Baba ta ƙare, ranar Asabar sai jirgi."

Abin da ya kawo Baba Sada Masar ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ya rage, shi ma yana bin sawun ɗan'uwansa. Likita ya ce aikin ba wuya, amma ba zai taɓa idon ba sai hawan jini ya sauka. Ya ba da magani, ya kafa doka: ban da gishiri, ban da dunƙule, ban da jan nama da kitse. Dokar kuwa a kan wa ta faɗa? A kan mutumin da ya shekara hamsin yana fawa, wanda mahautan unguwarsu ke kira Sarki.

"To ni dai abin da na sani," Goggo ta ci gaba, "ruwa ba ya tsami banza. Mutum na shan magani, ya bar nama, ya bar gishiri, a ce jini ya ƙi sauka? Ku binciki tukunya."

"Goggo, tana ƙoƙari."

"Ƙoƙarin mi? Na san yaran yanzu, hannunsu ba ya wuce tukunya bai jefa dunƙule ba. Tana nan kusa?"

Abdulbasit ya kalli Khairat. Khairat ta ƙara murɗe ƙyallen har madarar ta tsarto mata a hannun riga.

"Tana ji."

"Madalla. To ki ji da kyau, ɗiyar nan. In Yaya ya makance a ƙasar mutane, na san wadda zan riƙe."

Ta kashe wayarta.

Khairat ta jira mijinta ya ce ta yi haƙuri, ya ce ai ta san halin Goggo. Abin da ta saba ji ke nan, kuma da ya faɗa da ta haɗiye, kamar kullum.

"Khairat."

"Na'am."

"Tsakaninki da Allah. Ko ɗan kaɗan? Ko don ki ga ya ci?"

Ta ajiye ƙyallen. Ta juyo a hankali.

"Ustaz, ni kake tambaya?"

"Tambaya ce kawai."

"Yau kwana goma sha shida ni ma lami nake ci, don kada hannuna ya manta ya kai kan gishiri. Kai ne kake barbaɗa naka a faranti. Ni kake tambaya?"

"Ban ce kin yi ba."

"Ai ba sai ka ce ba."

Ya miƙa hannu ta saman kanta ya buɗe kabad, ya ɗauko kwalbar gishiri, ya ɗauko ledar dunƙule, har ƙullin daddawar da mahaifiyarta ta aiko mata bai bari ba. Ya cusa su cikin jakar makarantarsa, tsakanin littattafan fiƙihu.

"Ma'alish, ba komai," ya ce, bai kalle ta ba. "Don hankalin kowa ya kwanta ne. Zan je in karɓo sabon maganin, daga nan in tsaya la'asar."

Ƙofa ta rufu.

Wanda bai taɓa tsayawa gaban murhu ba zai ce ai ba komai. Amma a kwashe wa mace gishiri daga kicin ɗinta, an kira ta maƙaryaciya ke nan ba tare da an wahalar da baki ba. Khairat ta tsaya tana kallon gurbin kwalbar. Ta so ta yi kuka, ta ga ba ta da lokaci, don azahar ta wuce kuma tsoho bai ci komai ba.

Ta kunna wuta.

Miyar nan ba ta gida ba ce. Wata ɗaliba 'yar Malesiya da ke ƙofar da ke kallon tasu ta koya mata, ranar da ta same ta a matakala tana hawaye. A lokacin ta yi miyar kuka ba gishiri ba nama, ta yi ta kuɓewa, ta yi faten wake, duk Baba ya dawo da su yadda aka kai. Ranar da ta fara wannan ta kwakwa kuwa, kwano ya dawo tas. Tun daga ranar ba ta sake canzawa ba, ta ɗauka ta samo bakin zaren.

Cokali ɗaya na mai ta zuba, ba ƙari. Albasa ta yi laushi, ta kawo citta da tafarnuwar da ta daka, kuma yau sun daku fiye da kullum, don a kansu ta huce. Ta barbaɗa kurkum da kori, ta juya har ƙamshin ya tashi ya kori warin sanyin da ke bangon. Sannan kayan lambu, kowanne da lokacinsa: karas da dankalin Hausa da farko, su ne masu taurin kai, sai kabewa, sai farin kabejin nan mai kamar fure da ke cika kasuwa a lokacin sanyi, sai koren wake.

Kwakwar busasshiya ce, ta mai kayan ƙamshi. Jiƙa ta take yi da ruwan zafi ta matse sau biyu. Matsa ta biyu, mai ruwa-ruwa, ita ake fara zubawa kayan su nuna a ciki. Ta farko, mai kauri, sai an kusa saukewa, kuma a rage wuta, don in ta tafasa tsinkewa take yi.

"Ke ma kada ki ɓata mini rai," ta ce wa tukunyar.

Ta watsa alayyafo, ta zuba madarar mai kauri, miyar ta koma ruwan ɗorawa mai haske. Ta matsa lemun tsami, shi ne ke rufa wa rashin gishiri asiri. Ta ɗanɗana. Duk da ranta a ɓace yake, ta san ta yi daɗi. Ba nauyi, ba maiƙo, ɗumin citta na sauka har ƙirji.

Ta zuba a kwanon tangaran mai shuɗin baki, na cikin kayan aurenta, ta haɗa da farar shinkafa a faranti.

Gidan ɗaki ɗaya ne da falo. Ɗakin, mai baranda, suka bar wa Baba, su suka dawo falo. Tun zuwansa Khairat ba ta taɓa taka ɗakin yana ciki ba. Suruki ne. Ba ya cin abinci a gabanta, ita ma ba ta ci a gabansa. Abdulbasit kuma ɗan fari ne, ko sunansa Baba ba ya faɗa, balle su haɗa kwano. Haka aka taso, haka aka zo da shi har hawa na huɗu a Alƙahira.

Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ajiye tire.

"Baba, ga abinci."

"To. Allah shi yi albarka."

Ta koma kicin ta ɗora ruwan alwalarsa. Wutar ta yi ja, ta yi ƙasa, ta mutu fus.

"Yau kuma har da ke?"

Ta girgiza tukunyar gas ɗin, wadda a nan ake kira anbuba. Ba komai a ciki. Can ƙasa kuwa ta jiyo mai sayarwa yana buga ƙarfe a jikin tukwanensa, ƙarar na nisa. Da can ta baranda take leƙawa ta kira shi, amma baranda yanzu tana ɗakin Baba. Ta ja tsaki, ta zura hijabi a kan rigar sanyi, ta bi matakala da gudu.

Ko da ta fito titi mai gas ya sha kwana.

Ta tsaya tana haki. Tana juyowa, wani abu ya wuce ta gefen fuskarta yana lilo a hankali. Kwando ne a bakin igiya. Kwandonta ne, wanda take zurowa daga baranda in tana son burodi ko ƙwai daga shagon ƙasa, yadda matan unguwar duka suke yi. A cikinsa kuma ga kwano mai shuɗin baki, yana tururi.

Ta ɗaga kai. Igiyar daga hawa na huɗu take.

Mai shagon, Hamad, Bahaushen Sudan ne da kakanninsa suka tafi Hajji a ƙafa suka yada zango a hanya. Ya fito da fara'arsa yana goge hannu, ya ɗauke kwanon, ya juye miyar a wani nasa na silba, ya ɗebo gishiri da yatsu uku ya barbaɗa. Sai a sannan ya gan ta.

"A'a, matar Ustaz. Ashe yau da kanki. Wallahi miyar nan taki kwayyis, akwai daɗi, tana kashe sanyi. Bas, sai dai gishiri ne kullum ba ya ji."



"Kullum?"

"Kullum mana. Rana da dare. Har uwar yarana ta ce in tambayo mata abin da kike sawa."

"Tun yaushe, Malam Hamad?"

"Ya kai sati biyu."

Ya ɗauraye kwanon da ruwan buta ya goge shi da tsumma. Ashe tas ɗin da take gani tana murna, wanki ne. Ya mayar da shi cikin kwando, sannan ya jawo wani ƙunshin takarda daga bayan kanta, mai ya riga ya huda shi.

"Wannan kuma mene ne?"



"Ai Alhaji ya ce kada in faɗa."

"Na riga na gani."

"Hanta ce, ta mai amalanken can. Da ɗan turshi." Ya buɗe gefen takardar, ga hanta soyayya tana ƙyalli, ga kayan tsamin nan na Misirawa da ake jiƙawa a ruwan gishiri har su yi ɗaci. "Ran Juma'a kuma ƙafar saniya nake samo mashi. Kada ki ji komai, 'yata. Ya gaya mani ku ɗalibai ne, ba ku da halin nama, shi kuma ba ya so ya kunyata ku. Dukanmu mun yi zaman rashi."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Khairat ta rasa wanne za ta fara jin ciwonsa: sati biyun da ta yi tana matse kwakwa don cikin Hamad, ko zagin Goggo, ko kuwa cewa duk layin nan kallon matsiyata ake yi musu, waɗanda suka kasa saya wa uba nama.

"Malam Hamad, likita ne ya hana shi. Hawan jini gare shi. Saboda wannan takardar aka ɗaga aikin idonsa sau uku."

Fara'ar Hamad ta ɗauke.

"La haula wa la ƙuwwata. Wallahi bai gaya mani ba."

Igiyar ta motsa. Daga sama murya ta sauko, ƙasa-ƙasa.

"Hamad, yalla mana, yi sauri. Kada ta huce."

Baba Sada ne, ya leƙo. Daga hawa na huɗu ba ya gane mutum, inuwa kawai yake gani.

Khairat ta miƙa hannu. Hamad ya ɗora mata ƙunshin ba musu.

"Saki kwandon, ya ja," ta ce.

Kwando ya tashi sama da kwano ba komai.

Ba ta san yadda ta hau matakalar nan ba. Ta dai san ta biya kicin, ta sake zubo miya daga tukunyar da ba ta huce ba, ta ɗauki cokali. Ta tsaya a ƙofar da ba ta taɓa wucewa ba. Kunya ta riƙe mata ƙafa, haushi ya tura ta.

"Assalamu alaikum."

Shiru.

"Assalamu alaikum, Baba. Zan shigo."

Ta shiga.

Yana zaune a bakin gado cikin bargo, kwandon a kan cinyarsa, yana lalube da hannu. Ya ɗaga kwanon, ya shafa ƙasan kwandon, ya sake shafawa. Jin motsinta ya tsaya cak.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Baba."

"Yaron ba ya nan."

"Na sani. Wurinka na zo."

Ta durƙusa nesa da shi, kanta a ƙasa. Ta ajiye miyar a gabansa, ƙunshin kuma a kan cinyarta.

"Abin da kake nema yana hannuna."

Ƙamshin hanta ya riga ya cika ɗakin, ba sai an yi masa bayani ba. Baba ya ajiye kwandon a hankali. Ya gyara hula. Ya yi gyaran murya irin ta manya in an kama su.

"Hamad ba ya da amana."

"Ba shi ya faɗa ba. Da idona na gani."

"To kin gani. Tashi ki tafi."

"Ba zan iya ba, Baba."

Ya ɗago. Tunda aka kawo ta gidansu bai taɓa jin ta haɗa kalma biyar a gabansa ba.

"Ɗiyar nan, kin san da wa kike magana? Ni Sada, shekara hamsin ina fawa. Ban taɓa kwana ban ci nama ba, ko a shekarar fari. Baƙo bai taɓa shiga gidana an ajiye mashi miya ba tsoka ba. Sai yau, a gidan ɗana, a riƙa turo mani ciyawa da ruwan kwakwa, kamar wani ɗan akuya?"

"Likita ne ya ce."

"Likita ya haife ni?"

"A'a. Amma ni aka ce zan makantar da kai."

Ta ƙara da cewa:

"Goggo ta ce in idonka ya tafi ni za ta riƙe. Ustaz ya tambaye ni tsakanina da Allah ko ina sa gishiri. Ya kwashe gishirin ya fita da shi a jaka."

"Azumi ta ce haka?"

Khairat ba ta tsaya ba.

"Baba, ka gafarce ni. Gidan nan ɗaki ɗaya ne da falo. Ba abin da ake faɗa a kicin da ba a ji a nan."

Maganar ta same shi. Ya ji wayar Goggo, ya ji ƙarar kabad, ya ji komai, kuma da aka kawo masa miyar ya zura ta a kwando kamar jiya da shekaranjiya.

"Kuma ka ce wa mutane ba mu da halin nama."

"Wannan... don shi yarda ne."

"Ya yarda."

Ta tura kwanon gaba kaɗan.

"Ni ba na neman a ba ni haƙuri. Ka ci kawai. Sati biyu ina yin ta dominka, ko ɗanɗanawa ba ka yi ba. In ka ci ka ce ba daɗi, wallahi na yarda."

"A gabanki?" Ya girgiza kai. "Kin taɓa ganin inda aka yi haka?"

Gaskiyarsa, ba ta taɓa gani ba. Ta yi ɗan tunani, sai ta juya gaba ɗaya ta ba shi baya, ta fuskanci bango, ƙunshin hantar na kan cinyarta.

"Ba na ganin ka. Amma ina jin cokali. Ba zan tashi ba sai na ji shi."

Aka daɗe. Iska na kaɗa ƙofar baranda. Can ƙasa wani mai bas na kiran fasinja. Gwiwoyinta suka fara tsami a kan tayil mai sanyi, ba ta motsa ba.

Sai ta ji ƙaras, cokali ya taɓa tangaran.

Shiru.

Ƙaras kuma.

"Mi kika sa mai ɗumin nan?"

"Citta."

"Hm." Ya sake kurɓa. "Kabewa ce wannan?"

"Ita ce."

"Ta nuna." Ya yi ajiyar zuciya. "Ba laifi. Tana sauka ƙirji. Da dai da ɗan ƙashi a ciki..."

Dariya ta so kuɓuce mata, hawaye ya riga ta. Ta share da bakin hijabi.

"Baba, kwana huɗu suka rage. Kwana huɗu kawai. In an yi aikin, ni da kaina zan dafa maka abin da likita ya yarda."

Cokalin ya tsaya.

"Ke a zatonki kwaɗayi ne?"

Bai jira amsarta ba.

"Ni ba yaro ba ne. Na yi azumi sittin da wani abu, na san yadda ake kame baki. Tun ranar farko na ji abin da likitan ya ce, yaron ya fassara mani. In jini ya hau, ba aiki." Ya yi ƙasa da murya. "Turshin nan ko daɗinshi ba na ji. Dole nake haɗiyewa."

Khairat ta kusa juyowa, ta tuna, ta tsaya.

"Da gangan kake yi?"

"Da gangan."

"Don me, Baba?"

"Don na san wuƙa." Ta ji ya ajiye cokalin. "Shekara hamsin ni ke kayarwa, ni ke dannewa. Duk abin da na kwantar, bai tashi ba. Yanzu a ce ni in kwanta, a rufe mani fuska, wani yaro shi ɗauko wuƙa shi nufo idona? Abokina Ɗantsoho da ƙafarshi ya tafi aka yi mashi, yana ganin hanya. Da sanda ya dawo, jikanshi na ja."

"Ba kowa ake yi wa haka ba."

"Shi ma haka aka ce mashi."

"Likita ya ce in ba a yi ba, idon ba zai kai damina ba."

"Na ji. Amma wannan a hankali zai tafi, in saba. Da ɗan ganin nan nake gane hanyar masallaci. Da shi nake gane fari da baƙi. Ba zan ba da shi a yini ɗaya ba."

"To me ya hana ka gaya wa Ustaz?"

"In ce mashi mi? In ce ubanshi na tsoro?" Muryar ta karye, ya yi tari ya gyara ta. "Yaron nan ya bar karatu yana yawo da ni asibiti. Azumi ta gaya wa duk garin an kai ni Masar. In koma a ce jini ne ya hana, ƙaddara ce. In koma a ce Sarkin Fawa ya ga wuƙa ya gudu, da wane ido zan shiga kasuwa?"

Khairat ta shigo ɗakin nan da haushi cike da ciki, ga shi yanzu tausayi na neman ya ƙwace mata shi, ita kuma ba ta so, don haushin ne kaɗai abin da ya rage mata. An ci mutuncinta a gaban miji, an ci a waya, an ci a titi, kuma wanda ya jawo duk wannan yana bayanta yana rawar murya.

"Ɗiyata."

Bai taɓa kiran ta haka ba.

"Ki rufa mani asiri, Allah shi rufa maki. Kada yaron shi ji. Kwana huɗu ne, ki daure. In na koma gida ni zan kashe bakin Azumi."

"Idon fa?"

"Ki bar ni da idona. Ki ce kin yi mani alkawari."

Ta buɗe baki. Ba ta san abin da zai fito ba.

"Khairat?"

Daga bakin ƙofa muryar ta zo. Ba wanda ya ji buɗe ƙofar falo. Abdulbasit na tsaye, ledar magani a hannu, jakar nan mai gishiri a kafaɗa. Ya kalli mahaifinsa da kwano a gaba, ya kalli matarsa durƙushe a ɗakin da ba ta taɓa shiga ba.

"Me kike yi a nan?"

Sai hancinsa ya gaya masa. Idonsa ya sauka kan cinyarta, inda mai ya huda takarda ya ɓata mata hijabi. Ya tako ya ɗauki ƙunshin, ya buɗe. Hanta. Turshi. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe ba a tukunya yake ba," ya ce a hankali. "Na kwashe gishiri ina jin kunyar kaina duk hanya. Ashe a bayan idona kike shigo masa da shi."

"Ustaz..."

"Tun yaushe?"

Wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba, ya juya mata fuskar wayar ta gani. Goggo Azumi. Bai ɗauka ba, bai kashe ba. Ya juya wajen mahaifinsa, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun tasowarsa, ya dube shi ido cikin ido.

"Baba, ita take kawo maka?"

Khairat ta juyo daga bango ta kalli tsohon. Kalma ɗaya take jira.

Wayar na ta ƙara.

Baba Sada ya sunkuyar da kai, ya lalubo cokalin, ya shiga juya miyar.